Tarihin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, Mayaƙi Kuma Uban Gida

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sa'ad da aka yi shawarar buga wannan ɗan littafi don murnar zagayowar ranar da jama'armu ta soma haɗuwa a masallacin nan na Sana'iyya, a birnin Doha, sai dattawa suka ga ya kamata a keɓe waɗansu shafuffuka a ba da tarihin ɗaya daga cikin magabatan ƙasarmu. Aka ambaci sunaye da yawa, daga bisani ra'ayi ya tsaya a kan Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima. Dalili kuwa a fili ya ke. Mafi yawan masu yin sahu a nan, da direba da makaniki da mai gadi da lebura, ko wanne ya bar iyali a gida, a Nijeriya ko Nijar ko Gana, ya kan kuwa yi shekara biyu ko uku bai ga fuskar 'ya'yansa ba sai ta cikin waya. Waziri Giɗaɗo mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa bisa sirdi, yau yana sansanin yaƙi, gobe yana kan hanyar Kano da saƙon Sarkin Musulmi, amma duk da haka waɗanda suka san shi ƙwarai, da suka tashi ba da labarinsa, sai suka fi tsayawa a kan gidansa, da baƙinsa, da masallacin da ya gina.

Sunansa na yanka Usmanu. Giɗaɗo laƙabi ne na Fillanci, ma'anarsa abin ƙauna, shi ne kuwa ya bi shi har ya rufe sunan. Mahaifinsa shi ne Abubakar, wanda a ke kira Sambo Laima. An haifi Giɗaɗo wajen shekarar 1776, watau ya girmi Muhammadu Bello ɗan Shehu da kamar shekara biyar. Ya tashi cikin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi karatu irin na wannan jama'a, ya san Larabci sani na sosai, kuma tun da sauran ƙuruciya abota ta ƙullu tsakaninsa da Bello, abotar da ba ta yanke ba sai da mutuwa ta raba su.

Cikin watan Fabrairu na shekarar 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, saboda tsanantawar Sarkin Gobir Yunfa. Daga nan sai shekarun wuya suka biyo. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ƙanen Shehu na jagorancin rundunar jama'a, Allah ya ba su nasara. Kafin shekarar ta fita aka sake haɗuwa a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda jama'a ta yi hasarar mutum wajen dubu biyu, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani kamar ɗari biyu. A 1805 aka ci Birnin Kabi, aka koma Gwandu da zama, aka kuma sha wata wuyar a Alwasa, har abokan gaba suka iso gindin Gwandu kafin a kore su. Ga yunwa, ga zazzaɓi, ga dabbobi suna mutuwa, mata da yara suna bin runduna daga wannan zango zuwa wancan don babu inda za a bar su. Sai a watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Cikin waɗannan shekaru duka Giɗaɗo na tare da Bello, yana cikin samarin da nauyin al'amarin ya hau kansu, kuma da ya ke mutum ne mai hankali da iya magana, sai ya zama shi a kan aika da saƙo zuwa ga shugabannin jama'a na ƙasashen gabas.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Cikin masallacin nan namu akwai Bagobiri, akwai Bakatsinen Maraɗi, akwai Bakabe, akwai Bafillace da Babarbare, waɗanda kakanninsu suka tsaya a sahu biyu masu fuskantar juna da mashi da kibiya. Ko wane gida yana da yadda ya ke ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe, mu kuwa ba mu ɗauko su don mu tada tsohon miki ba. Mun ambace su ne don mai karatu ya san irin wutar da mutumin ya ratsa kafin ya zauna.

Ana cikin wannan hali, a shekarar 1807, sa'ad da jama'a ke zaune a Gwandu, aka ɗaura masa aure da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tagwai ita da ɗan'uwanta Hasan. Bello ya zama aboki kuma suruki. A 1809 Bello ya soma gina Sakkwato, Giɗaɗo ya kafa gidansa a can, kusa da na abokinsa. Unguwar da gidan ya ke ita ce a ke kira Giɗaɗawa har wa yau. A 1812 Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, sai Giɗaɗo ya zama hannun daman Bello cikin sha'anin gabas ɗin nan, wanda shi ne mafi faɗi da yawan jama'a.

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, shi kuwa ya ɗauki Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Al'amarin bai zo da sauƙi ba. Malam Abdullahi, wanda shi ne wazirin Shehu tun farko, ya ji zafin yadda aka yi naɗin, ya koma Gwandu, har aka yi 'yan shekaru akwai sanyin jiki tsakanin baffa da ɗa. Ga shi kuma ƙasa ta motsa ko ina da jin rasuwar Shehu, har Malam Abdussalami ya yi tawaye a Kware, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina suka dami Gwandu, sai Bello ya hau da rundunarsa ya je ya taimaki baffansa, aka ci garin, aka kuma shirya a nan filin. Masu ba da labari sun ce a wannan rana ce Malam Abdullahi ya miƙa wa Giɗaɗo alkyabbarsa, alamar ya sallama masa wazirci. Tun daga ran nan sarautar ba ta bar gidan Giɗaɗo ba.

Aikin Waziri a wannan zamani ba zaman zaure ba ne. Shi ne ƙofar manyan sarakunan gabas, kamar Kano da Zazzau, watau ta hannunsa saƙonsu ke isa ga Sarkin Musulmi, ta hannunsa kuma umurni ke komawa gare su. In an yi rasuwar sarki, ko gardama ta tashi kan gado ko kan iyaka, shi ke hawa ya tafi. Wasiƙu daga gidansa a ke rubuta su. Tsakanin Sakkwato da Kano kuwa tafiya ce ta kwana da kwanaki, ta cikin dajin Gundumi inda babu ruwa, ga kuma mahara na Gobir da Zamfara suna tare hanya, har ayari ba ya ratsawa sai da rakiyar mahaya. Wanda ya ke ganin awa bakwai ko takwas cikin jirgin sama daga nan zuwa gida ta yi masa tsawo, sai ya auna wannan.

Abin da ya sa mu ke da labarin kamanninsa da zamansa filla-filla shi ne zuwan wani Bature, Kyaftin Kilafatan, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdullahi. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, ya taso daga Tarabulus ya ƙetare Sahara zuwa Barno, ya biyo ta Kano, ya iso Sakkwato tsakiyar watan Maris na 1824. Waziri ne ya karɓe shi ya ba shi masauki, ya zama shi ne mai masaukinsa har ya tashi a farkon watan Mayu. Baturen ya rubuta abin da ya gani kullum, ya kwatanta Waziri da dattijo mai ladabi da fara'a, mai jin Larabci ƙwarai, wanda maganarsa ke da nauyi wurin Sarkin Musulmi fiye da ta kowa. Da ya yi mamakin kyawun Larabcinsa, Waziri ya nuna masa cewa daga Alƙur'ani ya samo shi. Mu da ke zaune cikin Larabawa, muna fama da 'yan kalmomin kasuwa da na wurin aiki, mun san girman wannan magana. A lokacin nan kuwa Doha ɗin nan da mu ke ciki ƙaramin gari ce a bakin teku, na masunta da masu nutso neman lu'ulu'u.

To, a cikin waɗannan makonni ne Baturen ya tarar ana gina wani sabon masallaci a Sakkwato, da dukiyar Waziri. Aka kai shi ya gani, ya iske Waziri da kansa yana wurin. Ginin mai kusurwa huɗu ne, rufinsa shimfiɗaɗɗe, an jera azara an daɓe bisa da ƙasa mai kauri. Rufin yana zaune bisa bakan gizo, su kuma suna bisa ginshiƙai sahu bakwai, ko wane sahu ginshiƙi bakwai, watau arba'in da tara ke nan. Ginshiƙan na itace ne, an yaɓe su da ƙasa an yi musu zane. Waɗansu ma'aikata na kan rufi, waɗansu na ƙawata ginshiƙai, kowa ya duƙufa don ganin mai aikin na tsaye. Babban maginin Bazazzagi ne, wanda ya ce ubansa ya taɓa zama a Masar ya koyo wani abu na ginin can. Ba abin mamaki ba ne a ɗauko magini daga Zazzau, gama ba a daɗe ba bayan wannan Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana ke zuwa kallo daga ƙasashe masu nisa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa cikin labarin shi ne, Baturen ya ce Waziri bai bar shi ya huta ba, bayan ko wane ɗan lokaci sai ya juyo ya sake tambayarsa yadda ya ga ginin. Ga mutum wanda sarakunan Kano da Zazzau ke saurarensa, wanda ya ga Alƙalawa ta faɗi, amma ga shi yana zumuɗi bisa ginshiƙan masallaci kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Duk wanda ya taɓa sa hannu cikin hidimar masallaci, ko da sayen tabarma ne ko gyaran famfon alwala, ya san wannan zumuɗi, ba kuwa zai yi wa Waziri dariya ba.

Cikin watan Afrilu na wannan shekara, Baturen na nan bai tashi ba, sai Allah ya jarrabi gidan. Wani ɗan Waziri, wanda ya fi so cikin 'ya'yansa, wanda kuma mahaifiyarsa 'yar'uwar Sarkin Musulmi Bello ce, ya kamu da agana. Yaron ya sami sauƙi har an saki jiki, sai ya yi gaggawar hawan doki ya fita, ciwon ya komo, ya rasu. Aka yi masa sutura a ranar, aka rufe shi cikin gida. Yaran yanzu ba su san agana ba, don tun 1980 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya, amma tsofaffinmu sun ga zanenta a fuskokin mutane, sun kuma san gidajen da ta share.

Da gari ya waye Baturen ya tafi ta'aziyya. Ya iske Waziri a wani ɗaki na ciki, shi kaɗai. Waziri ya yi ɗan murmushi na baƙin ciki, ya gode masa da zuwa, ya nuna babban rashi ya same shi, amma hukuncin Allah ne. Baturen ya yi ƙoƙarin ba shi haƙuri, ya yi masa fatan Allah ya ba shi wani ɗan a madadin wanda ya tafi. Waziri ya kaɗa kai, ya amsa da cewa in Allah ya so, sai dai shi ya tsufa. Sa'an nan ya rufe fuskarsa da tafin hannuwansa. Suka zauna haka kusan sa'a guda, babu mai cewa uffan. Daga ƙarshe baƙon ya kama hannunsa, shi kuma ya matsa nasa, baƙon ya fita da nauyin zuciya.

Mun daɗe muna juya wannan labari. Littattafan tarihinmu cike su ke da sunayen garuruwan da aka ci da na sarakunan da aka naɗa, amma da wuya su buɗe labule su nuna mana babban mutum zaune cikin ɗakinsa yana jimamin ɗansa. Kunya irin ta Fulani da ta Hausawa ba ta yarda uba ya nuna son ɗa a fili ba, balle mai sarauta. Ga shi kuwa an ga wannan mayaƙi, wanda ya binne abokai ba iyaka tun daga Tsuntsuwa, bai ɓoye ba, kuma bai yi wa Ubangijinsa tsaurin ido ba. Ya sallama wa ƙaddara da bakinsa, zuciya kuwa ta yi abin da zuciyar uba ke yi. Akwai mutane cikin jama'ar nan da irin wannan labari ya iske su ta waya, suna tsakiyar aiki, ba su sami ko ganin makara ba, sai dai 'yan'uwa suka taru a nan bayan sallar lisha aka yi addu'a. Su ba su bukatar a yi musu sharhin sa'a gudan nan da Waziri ya yi shiru. Tsufan da ya ambata kuwa, a lissafi bai kai hamsin ba a ran nan, kuma Allah ya ƙara masa shekara fiye da ashirin, ya ga 'ya'yansa maza sun girma sun zama malamai.

Kilafatan ya sake dawowa a 1826, wannan karo ta bakin teku, ta ƙasar Yarabawa da Busa. Ya gamu da Waziri a ƙasar Kano, suka taho tare har sansanin Sarkin Musulmi, inda a ke shirin faɗa wa Konya, garin da Gobirawa suka tattaru a ciki. A watan Oktoba aka kai harin, Baturen na tare da mutanen Waziri yana kallo. A ƙiyasinsa rundunar ta kai mutum dubu hamsin ko sittin, mafi yawansu dakaru. Aka kewaye garin, 'yan baka suka yi ta harbi, aka tura 'yan lifidi gaba, amma Gobirawa suka tsare ganuwarsu har rana ta faɗi. Ya ba da labarin wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, wadda ta hau doki ta rataya goruna, tana kutsawa cikin mayaƙa tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Garin bai ciwu ba. Da dare kuma aka yi firgita a sansani, daga bisani runduna ta janye. Mun kawo wannan don a san yaƙin Waziri ba kullum nasara ba ne, kuma yana da shekara hamsin bai daina kwana a daji ba.

Zuwan nan na biyu bai yi daɗi kamar na farko ba. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, Shehu Laminu ya nufo ƙasar Kano da runduna mai yawa, har sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a farkon 1827 ya mai da shi. Baturen kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyautai, har da makamai, da zai kai wa Shehun Barno. Sarkin Musulmi ya hana, ya sa aka karɓe su, kuma Waziri na cikin waɗanda aka ɗora wa isar da wannan umurni ga mutumin da ya zauna da shi ranar makoki. Baturen ya husata, ya faɗi maganganu masu zafi. A ganinmu babu sarkin da zai bar makami ya ratsa ƙasarsa zuwa hannun wanda ke yaƙinsa, Waziri kuwa amanar ubangidansa ce a wuyansa kafin abota. Duk da haka ba a wulakanta baƙon ba. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Landa ya binne shi a bayan gari, aka kuma sallami baran ya koma ƙasarsu da takardun maigidansa, waɗanda ta cikinsu ne wannan labari ya iso gare mu.

Sarkin Musulmi Bello ya yi sauran zamaninsa yana kafa ribaɗi a bakin iyaka, ya mai da Wurno mazauninsa. A 1836 ya yi babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke, inda ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. A shekara mai bi, 1837, ya rasu a Wurno, aka rufe shi a can. Waziri na cikin manyan da suka tsaya aka naɗa Abubakar Atiku, ƙanen Bello, ba tare da an zub da jini ba. Daga nan sai ya soma ja da baya daga fita yaƙi, ya koma ga alƙalami.

A nan ne za a ga irin gidan da ya kafa. Matarsa Nana Asma'u malama ce da ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ita ce kuma ta shirya tsarin 'yan taru, inda ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa a gidan da maigida ke ƙyashin ilmin matarsa, ko ya ke jin nauyin ganin baƙi a ƙofarsa. Shekara arba'in da wani abu suna tare, ƙofar gidan a buɗe ga ɗalibai mata da maza. Da Bello ya rasu, su biyun suka ga waɗanda suka san Shehu da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, sai suka raba aiki. Shi ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu da jama'arsa, inda ya jera sunayen iyalinsa da almajiransa da mataimakansa, ya kuma rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayen abokinsa Bello. Ita kuwa ta ɗauki irin waɗannan labarai ta mai da su waƙa, don wanda bai iya karatun Larabci ba ya ji ya haddace. Yawancin abin da a ke faɗi yau na zaman Shehu a Ɗegel da hijirarsa, in aka bi sawunsa, sai a tarar ya ratso ta ɗakin karatun wannan miji da mata.

Da Atiku ya rasu a 1842 aka naɗa Aliyu Babba ɗan Bello, sai Giɗaɗo ya sauka daga wazirci da ransa da lafiyarsa, ɗansa Abdulƙadir, ɗan Nana Asma'u, ya hau. Ba kasafai a ke samun mai sarauta ya ajiye ta da hannunsa ba. Ya zauna a Sakkwato sauran kwanakinsa, ya rasu wajen shekarar 1850, yana da shekara saba'in da 'yan kai.

Nana Asma'u ta yi masa marsiyya da Fillanci. Ita ce ta fi kowa saninsa, ita ce kuma 'yar Shehu, ta san darajar jihadi, da ta so da ta cika waƙar da sunayen fagagen fama. Amma abubuwan da ta fi tsayawa a kansu su ne yadda ya ɗauki gyaran masallacin Shehu bisa wuyansa ba ya gajiya, da kula da ƙofofin gari da hubbare, da saukar da baƙi da ciyar da su, da girmama iyalin Shehu da danginsa da maƙwabtansa, da tsayawa a kan haƙƙin mutane ba tare da duban girman mai ƙara ko ƙanƙantarsa ba. Mai lura zai ga shaidar matar gida da ta baƙon da ya zo daga Ingila sun haɗu a wuri guda, alhali ko ɗaya bai san abin da ɗayan ya rubuta ba. Ita ta rayu bayansa kamar shekara goma sha biyar, ta rasu wajen 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Sakkwato.

Zuriyarsu ta riƙe wazirci bi da bi. Bayan Abdulƙadir sai ɗansa Ibrahim Halilu, sa'an nan Abdullahi Bayero ɗan Giɗaɗo, sa'an nan Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo, wanda ya hau a 1886. Shi ne Turawa suka tarar sa'ad da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, har ya yi shahada a Burmi cikin wannan shekara, Waziri Buhari kuwa ya tsaya da talakawan da ba su da ikon tafiya, ya nemi fatawar malamai, ya komo gari da su bisa sharaɗin ba za a hana salla da addini ba, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa masu ilmi hujjarsa da damuwar da ke cikin ransa. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya riƙe har rasuwarsa a 1997. Shi ne mai littafin Tarihin Fulani, kuma a zaurensa na Giɗaɗawa ne masu binciken tarihi na gida da na waje suka yi ta zama suna buɗe wasiƙu da littattafan da gidan ya adana tun daga hannun kakansa na farko.

Allah ya jiƙan Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u, da yaron nan nasa da agana ta ɗauke, da dukan waɗanda suka kwanta a fagagen nan ta ko wane ɓangare. Allah ya jiƙan waɗanda suka fara shimfiɗa tabarma a wannan masallaci suka riga mu gidan gaskiya, ya tsare mana iyalanmu da ke nesa, ya sada mu da su cikin alheri. Amin.